Wa Zai Sauki Baƙo A Garin Da Kowa Baƙo Ne?

Duk abin da Bahaushe ya faɗa a kan baƙo, ya faɗe shi ne da tabbacin cewa akwai ɗan gari. Ya ce baƙo raɓa ne, domin ya san akwai ƙasar da raɓar take sauka a kai, kuma ƙasar tana nan bayan rana ta fito. Ya ce da ɗan gari akan ci gari, domin ya san ba a shiga birni sai da wanda ya san ƙofofinsa. A kan wannan tabbaci aka gina ladabin baƙunci gaba ɗaya. Baƙo zai yi sallama, ya sassauta murya, ya ci abin da aka ba shi. Mai gida kuwa zai kawo ruwa kafin ya tambayi labari, ya shimfiɗa tabarma, ya kuma tsaya wa baƙonsa idan magana ta taso. To amma zamani ya zo da wani irin gari da kakanni ba su sani ba, wato garin da ya girma cikin ƙiftawar ido har ƴan asalinsa suka zama ɗigo cikin kogi. Wanda ya sauka a irin wannan gari karon farko, haƙƙinsa yana wuyan wa? Shi kuma me gari yake binsa?

Babu misalin da ya fi birnin Shenzhen na ƙasar Sin dacewa da wannan tambaya. A shekarar 1979, gundumar Bao'an da ke kudancin ƙasar, daura da Hong Kong, ba ta wuce mutum dubu 300 da ƴan kai ba, akasarinsu manoma da masunta. A watan Agustan 1980 shugabannin ƙasar, bisa jagorancin Deng Xiaoping, suka keɓe wani yanki nata domin gwada kasuwanci da jarin ƙasashen waje. Da aka yi ƙidayar jama'a a 2020, sai aka tarar da mutum sama da miliyan 17 a wurin, kwatankwacin jama'ar Nijar baki ɗaya a ƙidayar 2012, cunkushe cikin fili da bai cika murabba'in kilomita 2,000 ba. A nan aka kafa Huawei a 1987, da BYD mai ƙera batir da motocin lantarki a 1995, da Tencent a 1998. A nan ne kuma hedkwatar Transsion take, kamfanin da ke ƙera salular Tecno da Itel da Infinix. Ke nan duk wanda ya ciro irin wannan salula daga aljihu a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, yana riƙe ne da wani ɓangare na labarin birnin, da na miliyoyin ƴan ci-ranin da suka gina shi.

Abin da baƙo yake samu

Adalci ne a fara da alherin da irin wannan birni yake yi wa sabon zuwa, domin alheri ne na gaske. Saurayi ko budurwar da ta sauko daga jirgin ƙasa, daga ƙauyukan Hunan ko Sichuan, abu na farko da za ta lura da shi, shi ne babu mai tambayarta ƴar wane ce. Ko harshen titi ma yana nuna haka. Lardin Guangdong, inda birnin yake, yana da harshensa na gado, amma a Shenzhen Sinancin gama-gari ake yi, saboda kowa ya zo da karin harshen garinsu, babu mai bakin yi wa wani dariya. Manyan attajiran birnin su ma da yawansu zuwa suka yi: Ren Zhengfei da ya kafa Huawei mutumin Guizhou ne, Wang Chuanfu na BYD kuwa ɗan manoma ne daga Anhui wanda ya tashi maraya. Hukumomin birnin har taken da suke alfahari da shi gare su, mai cewa duk wanda ya zo ya zama ɗan Shenzhen.

Wanda ya tashi a inda ake auna mutum da asali ya san nauyin wannan kyauta. Akwai garuruwan da ake hana saurayi aure saboda sana'ar kakansa, akwai gidajen da laifin uba yake bin jika har kabari, akwai kuma ƴan matan da aka gama tsara musu rayuwa tun ba su iya ɗaura zane ba. A wurin irin waɗannan, garin da bai san su ba rahama ne. Albashin farko da budurwar karkara ta karɓa da hannunta, ta aika wa iyaye rabi, ta ajiye rabi, ya canja matsayinta a gidansu fiye da yadda dokoki masu yawa suka iya. Duk mai kukan lalacewar birni da ya manta da wannan, ƙauyen da yake yabo ba a shi yake kwana ba.

Abin da ake yi wa maraba

Sai dai ya kamata a duba da kyau a ga ko mene ne ainihin abin da ake yi wa marhabin. A farkon shekarun 1980, Yuan Geng, jagoran yankin masana'antu na Shekou, ya sa aka kafa wani allo da ya shahara a ƙasar duka, mai cewa lokaci kuɗi ne, saurin aiki kuwa shi ne rai. Ba a daɗe ba maginan dogon benen cibiyar kasuwanci, wanda aka kammala a 1985, suka riƙa ɗora hawa ɗaya cikin kowane kwana uku, har aka sa wa wannan hanzari suna, saurin Shenzhen. Birnin da ya ɗauki wannan a matsayin kirarinsa ya bar tambayar ko ɗan wane ne, ya koma tambayar ko me aka iya. Tambaya ta biyu ta fi ta farko adalci, babu shakka. Amma akwai bambanci guda mai girma a tsakaninsu. Asali sau ɗaya ake amsa shi, ya zauna har abada, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Iyawa kuwa kowace safiya sai an sake amsa ta. Ranar da ido ya raunana, ko yatsu suka rage sauri a kan layin haɗa salula, ko ciki ya tsufa, amsar jiya ba za ta yi aiki ba.

Doka ma ta tabbatar da haka. Tun 1958 ƙasar Sin take da tsarin rajistar gida da ake kira hukou, wanda yake ɗaure kowane mutum da garin da aka rubuta iyalinsa, kuma a can ne haƙƙinsa na makarantar gwamnati da taimakon hukuma yake da ƙarfi. A 2020, kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai na mazauna Shenzhen ne ke da rajistar birnin. Mai takardar jami'a yakan same ta cikin sauƙi. Magini da mai shara da ƴar masana'anta kuwa sai sun tara maki shekara da shekaru, wasu har su tsufa ba su kai ba. An sassauta tsarin a hankali, musamman bayan mutuwar Sun Zhigang, wani matashi mai ilimin jami'a da aka kama a Guangzhou a 2003 saboda rashin takardar zama, ya mutu a tsare, abin da ya sa gwamnati ta soke dokar kame ƴan ci-rani da mayar da su garuruwansu a wannan shekarar. Amma rabon haƙƙi bai daidaita ba. Saboda wahalar samun gurbin makaranta da tsadar masauki, iyaye da yawa sukan bar ƴaƴansu a ƙauye wurin kakanni. Wani rahoton ƙungiyar matan ƙasar na 2013 ya ƙiyasta cewa yaran karkara miliyan 61 ne, a faɗin ƙasar, suke girma alhali uwa ko uba ko duka biyun suna birni. Idan kuma bikin sabuwar shekarar gargajiya ya zo, sai titunan Shenzhen su yi tsit, miliyoyi sun tafi gida. Kalmar da suke amfani da ita ke nan, gida, ko da sun yi shekara 20 a birnin.

Ashe ke nan birnin hannu yake yi wa maraba, da ƙwaƙwalwa, da ƙuruciya. Sauran mutum, wato jaririn da ke goye da tsohuwar da ke buƙatar jinya da tsufan da ke tafe, an bar wa ƙauye ɗawainiyarsu. A ladabin Hausa, wanda ya karɓi guzurin baƙo ya bar shi a zaure ba a kiransa mai masauki.

Mutumin da babu mai ganinsa

Akwai wata asara kuma da ba a rubuta ta a takarda. Mutunci da kunya, waɗanda Bahaushe ya ɗora tarbiyya a kansu, duka biyun suna buƙatar ido. Mutum yana jin kunya ne domin akwai wanda ya san shi, yana kuma da mutunci ne domin akwai wanda zai ce wane ba ya haka. Idon jama'a da ke takura wa matashi a ƙauye, shi ne dai idon da ke lura idan ya kwana biyu bai fito ba. Wanda ya tsere wa na farko, sau da yawa ya rasa na biyun bai sani ba.

A shekarar 2010, matasa sama da goma daga cikin ma'aikatan kamfanin Foxconn a Shenzhen, mai haɗa wa Apple da wasu kamfanoni kayansu, suka kashe kansu ɗaya bayan ɗaya cikin ƴan watanni. Masana'antar Longhua a lokacin gari ce guda, mai dubban ɗaruruwan ma'aikata, da wuraren cin abinci da ɗakunan kwana. Masu bincike sun yi magana a kan tsawon lokacin aiki da tsananin horo, kamfanin kuma ya ƙara albashi daga baya. Amma abin da ya fi sosa zuciya shi ne kaɗaicin da aka gano cikin wannan cunkoso. Wata yarinya ƴar shekara 17, wadda Allah ya yi wa sauran kwana, ta bayyana cewa bayan ta yi wata guda tana aiki ba ta sami katin albashinta ba, aka tura ta wata masana'antar kamfanin ta nemo shi, ta wuni ana mayar da ita daga wannan ofis zuwa wancan, ta dawo hannu rabbana, kuɗin da ta zo da su sun ƙare. A ɗakin da take kwana da wasu ƴan mata, babu ko ɗaya da ta saba da ita har ta iya neman rance, domin kowacce da lokacin aikinta, kowacce da karin harshenta. Abin da ya gagare ta a wannan dare bai fi abin da maƙwabciya take warwarewa ta kan katanga ba.

Wani fannin na wannan asara ya bayyana a kasuwar ƴan ƙwadago ta Sanhe, a cikin shekarun 2010. A can aka sami matasan da suka daina neman aiki mai ɗorewa, suna yin aikin yini ɗaya su ci kuɗin kwana uku a gidajen intanet, wasu har suna sayar da katin shaidarsu, su yanke hulɗa da iyayensu saboda kunyar komawa babu komai. Ba wanda ya ɗaure su, ba kuma wanda ya neme su. Ƴancin da babu mai tambayar mutum inda ya kwana, idan ya kai maƙura, ga inda yake sauke mai shi.

Mai ja zai iya cewa ai birnin da kansa ya samar da magani, tunda kamfanin Tencent na birnin ne ya ƙirƙiro WeChat a 2011, manhajar da uwa take ganin fuskar ɗanta da ita kowane dare daga nisan kilomita dubu. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar ni'ima ba ce; ƴan ci-ranin da suka riga su wasiƙa suke jira wata da watanni. Amma salula tana kusanto da na nesa ne kawai. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, ba ta kai marar lafiya asibiti, kuma baƙo yakan nuna wa na gida fuskar da yake so su gani. Da Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ya san akwai abin da saƙo ba ya isarwa.

Baƙon jiya

To, in haka ne, yaya aka yi miliyoyi suka zo suka zauna, suka yi arziki ko suka rufa wa kansu asiri? Wa ya sauke su? Amsar tana cikin lungunan da ba a nuna wa manyan baƙi. Lokacin da birni ya haɗiye gonaki, tsofaffin ƙauyukan yankin sun riƙe filayen gidajensu, suka gina dogayen benaye a matse, har maƙwabta biyu za su iya musafaha ta taga, suka ba da hayar ɗakuna da araha. A waɗannan unguwanni, waɗanda ake kira ƙauyukan cikin birni, mafi yawan sababbin zuwa suka fara ajiye jaka. Kuma kusan kowa ya zo ne da lambar wani: ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, wanda Sinawa ke kira laoxiang. Shi ne zai tarye shi a tasha, ya ba shi rabin katifa, ya faɗa masa masana'antar da ke biya a kan lokaci da dillalin aikin da ke cuta. An san yadda direbobin tasi daga gunduma guda ta lardin Hunan, wato You, suka taru a unguwar Shixia tun shekarun 1990, wannan ya jawo wancan, har unguwar ta zama kamar garinsu na biyu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne tsarin zango. A zangon Kumasi da Sabon Ibadan, fatake masu shanu da goro ba a wurin Ashanti ko Yarbawa suke sauka ba. A wurin mai gida suke sauka, wanda zai ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya musu idan aka ba da bashi. Shi kuwa mai gidan nan wane ne? Baƙo ne shi ma, sai dai ya riga su zuwa da shekara goma ko ashirin. Abin da zango ya gano tun da daɗewa, Shenzhen ta sake gano shi da kanta: a garin da babu ɗan gari, baƙon jiya shi ne mai masaukin baƙon yau. Nauyin da a da yake wuyan wanda aka binne cibiyarsa a wurin, yanzu ya koma wuyan wanda ya riga sanin hanyar tasha.

Daga nan ake iya amsa tambayar abin da gari yake bin baƙo. Wanda aka ba rabin katifa ba zai iya biyan wanda ya ba shi ba, domin mai bayarwar ya riga ya wuce buƙatarta. Bashi ne da ake biyan na baya da shi. Kuma a nan ne jarrabawar take, domin birnin da ke cewa lokaci kuɗi ne yana koya wa mutum lissafin cewa yinin da ya ɓata wajen raka sabon zuwa neman ɗaki asara ce. Wanda ya karɓi wannan lissafi ya ci amanar da ta tsayar da shi da ƙafafunsa, ko da bai karya dokar kowa ba.

Sai dai zumuncin ƴan gari ɗaya yana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Yana rufa wa nasa asiri, ya bar wanda ba shi da kowa a rana. Yarinyar Longhua ba ta da laoxiang a ɗakinta. Wani lokaci ma ɗan garin ne yake cin kuɗin ɗan'uwansa da sunan nema masa aiki, kamar yadda ba kowane mai gidan zango ne ya riƙe amana ba. Fataken Afirka ta Yamma, har da na Nijar da Najeriya, waɗanda ke sauka a unguwar Xiaobei ta Guangzhou su shiga Shenzhen sayen salula a kasuwar Huaqiangbei, sun ga ƙarshen wannan iyaka a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da aka fitar da baƙaƙen fata da dama daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi, har jakadun Afirka a Bejin suka kai kuka. Da yawa daga masu ba da hayar nan, su ko iyayensu, sun taɓa zama baƙi a wani wuri. Wanda ya ɗanɗani baƙunci ya kuma rufe ƙofa ga wanda bai yi kama da shi ba, bai koyi komai daga tafiyarsa ba illa hanyar samun kuɗi.

Haka nan kuma, alherin talaka ga talaka ba ya sauke wa hukuma nauyinta. A 2019 aka fara tashin mazauna Baishizhou, ɗaya daga cikin manyan ƙauyukan cikin birni, wadda aka ƙiyasta tana ɗauke da mutum kimanin dubu 150, domin a gina dogayen benaye na zamani. Masu filaye sun sami diyya. Ƴan haya kuwa suka watse, wasu yaran suka rabu da makarantunsu. Birnin da ya rushe zaurensa yana da damar yin kyau a hoto, amma ya kamata ya tambayi kansa inda baƙon gobe zai ajiye jaka. Taken da ke cewa duk wanda ya zo ɗan gari ne zai zama gaskiya ne ranar da ɗan mai shara ya sami kujera a aji ɗaya da ɗan injiniya, ba tare da an tambayi inda aka rubuta kakansa ba.

Malaman da ke koyar da yaran da gobe za su nufi Yamai ko Kano ko Abijan, ko ma Guangzhou, sun saba yi musu nasihar baƙo: a yi haƙuri, a kama kai, kada a manta gida. Nasiha ce mai kyau, amma rabi ce, domin garuruwan da za su tafi su ma suna cika da mutanen da ba a haifa a cikinsu ba. Sauran rabin ita ce ta mai masauki, kuma lokacinta yana zuwa da wuri fiye da yadda ake zato. Bayan shekara guda kacal, wanda ya sauka jiya yana rarraba ido zai san motar da ake shiga, da mai gidan hayar da ba ya cuta, da asibitin da ke karɓar marar takarda. A ranar ce wani zai tsaya a bakin tasha da jaka a hannu, yana duba lambar da ba ta shiga, ko ɗan garinsu ne ko ba ɗan garinsu ba, kuma babu wani ɗan gari da za a jira ya zo ya tarye shi.